Ba kowace masassara ce ta sabro ba

Ƴan'uwa makiyaya, daga Madawa har Buza da Keita, da jiki ya yi zafi sai a ruga wajen mai tebur a sayi ƙwaya. Ni ban yarda da wannan ba. Awon jinin yatsa a asibiti bai kai rabin awa ba. In ya nuna ba ta sabro ba ce, kar ka tashi tukuna. Gaya wa likita in tumakinka na ɓari, in ka kama mabiyiya da hannu, ko kuna shan madara ba a tafasa ba. Masassarar Rift da ta kashe mutane a Cintabaradan da Tasara a 2016, daga bisashe ta fito. Likita kuwa bai ga garkenka ba.