Tsakanin Leo da Benedik Babu Gurbin Mace: Raddi Kan Labarin Fafaroma Jowana

Bayan zaɓen Fafaroma Leo na 14 a ranar 8 ga Mayu, 2025, wani abokin karatuna ya aiko min da doguwar maƙalar da ya rubuta, ya ce in duba masa. Malamin ba ya cikin masu ƙaga magana, kuma yana da son tarihi. Sai dai a wannan karon ya ɗauko tsohon labarin nan na Turai ya goya: wai a shekarar 855 wata mace ta yi shigar maza, ta yi karatu har ta fi malaman Rum, aka zaɓe ta Fafaroma da sunan Yohanna, ta yi mulki shekara biyu da wata bakwai da kwana huɗu, sannan naƙuda ta kama ta a tsakiyar titi ana cikin jerin gwano, asiri ya tonu. Daga baya aka riƙa kiran ta Jowana. Malam ya ce cocin Katolika ce ta binne labarin don kunya.

Ni ba lauyan fadar Vatikan ba ne, kuma nan gaba kaɗan za a ga ban rufa wa fafaromomi asiri ba. Amma labari, ko na wane ne, ana auna shi da abu biyu: wa ya rawaito shi, kuma ya zauna daidai a lokacin da aka ce ya faru? A nan ne na Jowana ya faɗi.

Malam ya buɗe da cewa manyan malaman tarihin coci sun kawo labarin. Haka ne, sun kawo. A wace shekara? Wanda ya fara rubuta shi wani ɗan zuhudu ne na ƙungiyar Dominikan a birnin Metz, Jean de Mailly, wajen 1250. Bai ambaci sunan matar ba, bai sa ta a 855 ba, a 1099 ya sa ta, kuma shi kansa ya yi alama a kan labarin cewa a bincika. A ruwayarsa, tana shirin hawa doki ta haihu, aka ɗaure ta a wutsiyar dokin aka ja ta ana jifa har ta mutu. Bayan shekara ashirin da wani abu sai ga Martin na Opava, shi ma Dominikan, ya mayar da ita 855, ya ba ta suna da garin haihuwa, Mainz, ya ce a wajen haihuwa ta rasu aka binne ta nan take. Masu ruwaya biyu ke nan daga cikin na farko, sun saɓa a shekara da fiye da ƙarni biyu, sun saɓa a yadda ta mutu. Tsakanin 855 da Jean de Mailly kuwa shekara kusan 400 ce, babu mai cewa na ji daga wane. A ilimin ruwaya da muka taso muka tarar, isnadin da mutum ɗaya ya faɗi a cikinsa ma ana ɗaga masa gira, balle wanda ƙarni huɗu suka faɗi.

Akwai wani ɗan abu a ruwayar Martin da yake ba ni dariya. Ya ce a Atina ta yi karatu. Sarki Justiniyan ya hana koyar da falsafar dā a Atina tun 529. A ƙarni na 9 mai neman ilimin Girkawa Kustantaniyya zai nufa, ko Bagadaza, inda ake ta juya littattafansu zuwa Larabci. Wanda ya tsara labarin sunan Atina kawai ya sani.

Malam ya ce a'a, ai labarin yana cikin littafin tarihin fafaromomi na fadar Rum kanta, wanda aka rubuta sashensa a ƙarni na 9. Wannan ita ce hujjarsa da ta fi kama da hujja, don haka a tsaya a kanta. Kwafin da ake nufi yana ɗakin karatu na Vatikan. Labarin ba a cikin matanin yake ba, a ƙasan shafi yake, da wani hannun daban, a wurin da bai dace da jerin ba, kuma lafazinsa na Martin na Opava ne. Duk almajirin da ya taɓa riƙe tsohon littafin hannu ya san bambancin matani da abin da wani mai karatu ya ƙara a gefe bayan marubucin ya daɗe a kabari. Haka abin yake a tarihin Marianus Scotus, wanda ya rasu a ƙarshen ƙarni na 11: tsofaffin kwafinsa ba su da labarin, na baya ne suke da shi. Wato abin da takardun ke nunawa kishiyar da'awar Malam ne. Cusa labarin aka riƙa yi cikin littattafan da ba su da shi.

Yanzu mu koma kalanda, wadda ba ta san son kai ba. Leo na 4, wanda ya kewaye unguwar majami'ar Bitrus da ganuwa bayan harin da mayaƙan Larabawa suka kai ta teku a 846, ya rasu ranar 17 ga Yuli, 855. An naɗa Benedik na 3 ranar 29 ga Satumba na wannan shekarar. Kwana 74 ke nan. Kuma an san abin da ya cike kwanakin. An zaɓi Benedik ba da daɗewa ba, aka aika neman amincewar sarki, sai wani ɓangare ya tsayar da Anastasiyus, malamin da Leo ya kora tun yana raye. Anastasiyus ya shiga fadar Lateran da ƙarfi, ya tsare Benedik, amma limamai da jama'ar Rum suka ƙi shi, dole wakilan sarki suka janye. Rigima ce da aka rubuta ta dalla-dalla, da sunayen masu hannu a ciki. A wane lungu na waɗannan kwana 74 za a shigar da shekara biyu da wata bakwai?

Ba littafi ɗaya ne ya faɗi haka ba, balle a ce an gyara shi. Akwai tsabar azurfa da aka buga a Rum mai ɗauke da sunan Benedik da na Sarki Lotar tare. Lotar ya rasu a ƙarshen Satumban 855. Ba a cika buga kuɗi da sunan mataccen sarki da gangan ba, saboda haka Benedik yana kan kujera kafin labarin rasuwar ya iso Rum. Akwai takardar da Benedik ya ba gidan zuhudu na Corbie a Faransa mai kwanan wata 7 ga Oktoba, 855. Akwai kuma wasiƙar Hinkmar, babban bishop na Reims, inda ya ba da labarin cewa ya tura ɗan aike zuwa ga Leo, ɗan aiken ya ji rasuwarsa a hanya, da ya isa sai ya miƙa saƙon ga Benedik. Sai dai in ɗan aiken nan shekara biyu da rabi ya yi yana tafiya. In kuma aka koma 1099 ta Jean de Mailly, ramin ya fi ƙurewa: Urban na 2 ya rasu 29 ga Yuli, aka zaɓi Faskal na 2 ranar 13 ga Agusta. Mako biyu.

Malam ya san wannan ƙofar a rufe take, sai ya bi ta bayan gida: an goge komai, an gyara kwanakin. Wa ya goge? Kafin injin ɗab'i ya zo wajen 1450, kowane littafi da hannu ake kwafarsa, kwafin kuma a warwatse suke daga Ingila zuwa Girka, wasu a hannun mutanen da ba su da abin da suke so irin su ga Fafaroma ya ji kunya. Ɗauki Fotiyus, wanda ya zama shugaban cocin Kustantaniyya a 858, wato dab da lokacin da ake cewa Jowana ta haihu a titi. Ya yi rigima da Fafaroma Nikolas na 1 har ya tara majalisa a 867 ta yanke hukuncin tsige shi. Ya tattaro duk laifin da zai iya jingina wa Rum, har da azumin Asabar. Mai neman kuka ne da za a jefa da kashin awaki, amma a cikin tarin rubuce-rubucensa babu kalma ɗaya kan mace a kujerar Bitrus. Ya ma ambaci Leo da Benedik a jere, ɗaya na bin ɗaya. Sa'annan a 1053 Fafaroma Leo na 9 ya rubuta wa Mika'ilu Kerulariyus na Kustantaniyya yana yi masa gori da jita-jitar cewa su ne suka taɓa ɗora mace a kujerar shugabancin cocinsu. Mutumin da ya san a gidansu aka yi abu ba ya fita ya yi wa maƙwabci gori da shi, musamman maƙwabci mai baki irin Kerulariyus.

In ma har Rum na da wannan soson da ke wanke tarihi, me ya hana ta amfani da shi inda ya fi buƙata? A 897 Istifanus na 6 ya sa aka tono gawar Fafaroma Formosus, aka sa mata tufafin sarauta, aka zaunar da ita aka yi mata shari'a, aka datse yatsu ukun da yake sa albarka da su, aka jefa gawar a kogin Tiber. Yohanna na 12 ya hau a 955 yana ɗan saurayi, Sarki Otto ya tara majalisa ta tsige shi a 963 bisa zarge-zargen da ba su faɗuwa a gaban yara. Benedik na 9 ya karɓi kuɗi ya sauka a 1045. Aleksanda na 6 ya amsa 'ya'yansa a fili, Cesare da Lucrezia Borgia. Daga 1409 mutum uku ne kowa ke cewa shi ne Fafaroma. Duk wannan yana nan a rubuce, kuma malaman coci ne suka rubuta mafi yawansa.

Su ne ma suka yaɗa labarin Jowana. Dominikan ne suka fara, littafin Martin ya zama abin karatu a duk Turai, Platina mai kula da ɗakin karatu na Vatikan ya sa ta a tarihin fafaromomin da aka buga a 1479, a babbar majami'ar Siena kuma an sassaƙa kanta a jerin kawunan fafaromomi. Malam ya kawo cewa Jan Hus ya kafa hujja da ita a majalisar Konstanz a 1415 babu wanda ya musa masa. Gaskiya ne, kuma abin da yake tabbatarwa shi ne mutanen 1415 sun yarda da labarin. Ba ya ce komai kan abin da ya faru a 855.

Sauran hujjojin ba su kai a daɗe a kansu ba. Kujera mai huji, wadda wai ake zaunar da sabon Fafaroma a lalube shi a tabbatar namiji ne: kujerun suna nan, na jan dutse, ɗaya a gidan tarihi na Vatikan, ɗaya a Louvre ta Paris tun kwasar ganimar Napoleon. Kayan tsoffin Rumawa ne, sun girmi Leo na 4 da ɗaruruwan shekaru. Littattafan bikin naɗi sun bayyana abin da ake yi a kansu: a ɗaya a miƙa masa sanda da mabuɗai, a ɗayar a ɗaura masa ɗamara ya watsa kuɗi. Babu lalube. Kuma bayan an riga an zaɓe shi ake zaman, to gwajin me ya rage? Titin da jerin gwanon fafaromomi ke kauce wa kusa da majami'ar Kilemen kuwa matsattse ne ga ayarin dawaki.

Batun cewa babu Yohanna na 20 a jerin, wai gurbin Jowana ne ya rikita lissafi, shi ma kuskuren mai kwafa ne da aka gano asalinsa. Yohanna na 14 ya yi watanni yana mulki, sannan ya yi wata huɗu a kurkuku ya mutu a 984. Wasu suka ga lokaci biyu a gaban sunansa suka ɗauka mutum biyu ne. Da Bitrus na Sifen ya hau a 1276 sai ya tsallake lamba ɗaya ya kira kansa na 21 don ya gyara abin da yake zaton kuskure ne. Rikicin a ƙarshen ƙarni na 10 yake. Da Jowana ta yi mulki, ita ce za ta zama Yohanna na 8, alhali wannan sananne ne, ya yi mulki daga 872 zuwa 882.

Malam ya rufe da cewa ruwa ba ya tsami banza. Na yarda, sai dai a nemi abin da ya tsamar da shi a inda yake. A farkon ƙarni na 10 Tiyodora da 'yarta Maroziya sun riƙe Rum a hannu, har ɗan Maroziya ya zama Yohanna na 11 a 931. Kiristocin gabas suna da tsofaffin labaran mata irin su Marina da Felajiya, da suka shiga zuhudu da shigar maza ba a gane ba sai wajen wankan gawa. Ga kuma jita-jitar macen Kustantaniyya da ta riga ta shiga Italiya. Kayan haɗin duk suna nan, mai ba da labari kawai ake jira.

Wanda ya yi wa labarin rugu-rugu da hujja kuwa ba ɗan Katolika ba ne. David Blondel ne, limamin Furotesta ɗan Faransa, a littafin da ya buga a Amsterdam a 1647, lokacin da 'yan ɗariƙarsa ke amfani da Jowana a matsayin bulalar dukan Rum. Ya bi kwanakin da takardun ɗaya bayan ɗaya ya ce babu ita. Da yawa daga cikin mutanensa ba su ji daɗi ba, har wasu suka zauna suka rubuta masa raddi.