Abin da maƙeran biyola za su koya wa Zazzau game da goge

A garin Kiremona na ƙasar Italiya, har gobe akwai masu sassaƙa biyola da hannu. Biyola yayar biyolin ce, wato gogen Turawa mai tsirkiya huɗu. Ta fi ƙanenta girman jiki da kaurin murya. Wanda zai ƙera sabuwa yakan fara da awon da magabata suka bari: na Andrea Amati, wanda ya kafa sana'ar a ƙarni na 16, ko na Antonio Stradivari, wanda ya rasu a 1737. Zane-zanen Stradivari da katakon da yake ɗora aikinsa a kai suna ajiye a gidan tarihin garin. An buɗe makarantar koyon sana'ar a 1938, kuma a 2012 hukumar UNESCO ta sanya ta cikin gadon al'adun duniya.

Abin lura shi ne biyola ba ta taɓa samun tsayayyen awo ba. Tsawon jikinta yakan kama daga santimita 38 zuwa 43. Babba ta fi amo amma tana gajiyar da kafaɗa, ƙarama kuwa ta fi daɗin riƙo amma muryarta ba ta cika ba. Saboda haka dole maƙerin yau ya auna aikin magabata, ya fahimci dalilinsu, sannan ya yanke nasa hukuncin.

Birnin Zariya yana da abin da za a yi wa irin wannan hidima. Goge ƙwarya ce da ake rufewa da fatar guza, a soke ta da sanda, a ɗaura tsagiya ta gashin wutsiyar doki bisa ɗan itacen da ake kira jaki, a shafa ƙaro domin baka ya kama. Kukuma ƙanwarsa ce, kuma da ita marigayi Hassan Wayam, wanda ya zauna a Zariya har rasuwarsa a 2020, ya yi suna. Kowane mataki na haɗin ilimi ne: kaurin ƙwarya, yadda ake jan fata, faɗin ramin da amo ke fita, yawan gashin tsagiya. Duk da haka, jama'a sun san makaɗa, ba su san hannun da ya haɗa abin kiɗan ba, kuma awon yana cikin ƙwaƙwalwar tsofaffi kawai. Yanzu da mawaƙan zamani suka koma ga fiyano da kwamfuta, duk gwanin da ya kwanta dama yana tafiya da nasa sanin.

Ba baƙon abu ba ne Zazzau ta girmama gwanin hannu. Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na cikin birni a shekarun 1830, har yau ana kiransa Babban Gwani, kuma masana gini sun auna bakan gizon da ya ɗaure sun rubuta. David Ames da Anthony King sun tattara sunayen kayan kiɗan Hausa a littafinsu na 1971, bayan bincike a Zariya da Katsina. Sun adana kalmomi. Saura a adana aikin hannun.

Akwai masu ƙin wannan ra'ayi, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Wasu na ganin goge ya daɗe yana tafiya da bori da wuraren shaƙatawa, don haka bai cancanci kulawar masu ilimi ba. Amma rubuta yadda ake ƙera abu daban yake da yarda da duk inda aka kai shi, kuma al'ummar da ta share wani ɓangare na tarihinta don kunya, baƙi ne za su ba jikokinta labarinsa. Wasu kuma na cewa ƙwarya tsiro ce, babu biyu masu girma ɗaya, to me za a auna? Amsar tana wurin biyola: rashin tsayayyen awo bai hana a rubuta ƙa'idar da ke tsakanin girma da murya ba.

Aikin bai fi ƙarfin Jami'ar Ahmadu Bello ba. A zauna da maƙeran da suka rage, a ɗauki aikinsu a bidiyo tun daga zaɓen ƙwarya, a auna tsofaffin goge, a rubuta sunan kowane gwani a jikin abin da ya haɗa, a kuma biya shi ladan koyarwa. Daga nan matasa za su iya gwada sabo: fatar da za ta maye gurbin ta guza, ko maɗaurin da zai riƙe sauti lokacin damina, sa'ad da laima ke sassauta fata. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, kuma wanda bai san awon jiya ba, ba zai san abin da ya gyara yau ba.