Daga Allon Malam: Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Yau bakin teku za mu.

Kwanakin baya na kwashi 'yan ajina muka tafi wani lungun ruwa kudu da Bur Sudan, kan hanyar Sawakin, inda itatuwan shura suke tsiro cikin ruwan gishiri. Da yawa daga cikin yaran nan yaƙin da ya ɓarke a 2023 ne ya koro iyayensu daga Hartum da Madani da Sinnar, ruwan da suka sani kuwa na kogin Nilu ne. Na ga ruwan wurin bai wuce gwiwa ba, ga shi kwance kamar a ƙwarya, sai na ce su shiga. Ba a yi minti goma ba suka fara fitowa suna susa, ƙafafu sun yi ja, wasu har da kuka. Kowa na tambaya sai ya rantse bai taɓa kome ba. Ni kuma, don neman gyara, na ɗauki ruwan shanmu na kwarara musu. Zafi ya ƙaru.

Wani dattijo masunci ne ya cece mu. Ya ce, "Malam, zo ka gani." Ya nuna mini ƙasan ruwan, sai ga wasu abubuwa shimfiɗe kan taɓo kamar furanni, launin ƙasa-ƙasa da kore, wasu sun kai faɗin faranti, suna motsi a hankali kamar mai numfashi. Ya ce irin ƙandilul bahar ne, wato abin da za mu ce fitilar teku.

Da na koma gida na bi littattafai. Masana suna kiran wannan halitta Cassiopea, kuma a nan Bahar Maliya wani masani mai suna Forsskål ya fara bayyana irin namu, aka buga bayanin nasa a 1775, bayan rasuwarsa a Yaman. Daga baya ta bi ta mashigin Suwez, wanda aka buɗe a 1869, ta shiga Bahar Rum. Akwai 'yan'uwanta a tekun Karibiyan da gaɓar Fulorida ta Amurka.

Sauran fitilun teku yawo suke yi, hannuwa a ƙasa. Ita wannan rigingine take kwanciya, hannuwanta takwas suna duban sama. Dalili kuwa, akwai wasu 'yan mitsi-mitsin tsirrai da ke zaune cikin jikinta. Su suke haɗa abinci da hasken rana su ba ta, ita kuma ta ba su masauki. Shi ya sa take son ruwa marar zurfi, mai ɗumi, wanda ba ya gudu, wato daidai irin ruwan da uba zai gani hankalinsa ya kwanta.

To, yaya aka yi ta harbi wanda bai taɓa ta ba? Masu iyo sun daɗe suna kukan wannan ruwa mai harbi ba a san musabbabinsa ba, sai a 2020 wasu masu bincike suka gano shi. Idan aka dame ta, takan saki wani yauƙi cikin ruwa, a cikin yauƙin kuma akwai ɗimbin 'yan ƙulli-ƙulli masu ɗauke da ƙwayoyin dafi, suna yawo da kansu. Da su take kashe ƙananan halittun da take ci. Yarana da suka yi ta tsalle suna dama ruwa, su suka tsokano ta.

Na kawo wannan ne domin da muka dawo unguwa, wata tsohuwa cewa ta yi mutanen ɓoye yaran suka taka, har an fara neman turare. Na ce, "Iya, a yi addu'a, amma a kuma san abin da ya yi harbin." Galibi abin bai wuce ƙaiƙayi da zafi da ƙuraje ba, yakan lafa da kansa. Sai dai jiki suna ya tara, wani kan kumbura, wani har da amai.

Saboda haka ga abin yi. A fitar da yaro daga ruwa nan da nan. A wanke wurin da ruwan teku mai tsabta, daga inda ba a dama ba. Kada a zuba ruwan sha da fari kamar yadda na yi, domin yana sa ƙwayoyin dafin da suka manne a fata su fashe. Kada a goge da rairayi, kada a yi susa. Maganar fitsari kuma a bar ta, ba ta da amfani. In an isa gida, a tsoma wurin cikin ruwan zafi daidai yadda fata za ta jure, na kimanin minti 20, babba ya fara gwadawa da hannunsa. Idan numfashi ya fara wuya, ko fuska ta kumbura, ko yaro yana jiri, ko abin ya shiga ido, to, sai asibiti ba da ɓata lokaci ba.

Rigakafi dai ya fi magani. Kafin yara su shiga, babba ya duba ƙasan ruwa, musamman kusa da shura. A tambayi masunta, su ne 'yan gari a wannan fage. Kuma a hana yara ɗaukar abin nan da hannu ko zungurarsa da sanda.

Ku 'yan ajina, wata mai zuwa za mu koma, amma wannan karo daga kan tudu za mu yi kallo, kowa da littafinsa da fensir. Allah ya tsare mana zuri'a, ya kawo mana zaman lafiya a ƙasa. Sai wani watan in Allah ya kai mu.