Aikin Jarida Ba Tsegumi Ba Ne, Iyayenmu

Ya ku jama'ar Zabarmari da sauran 'yan uwa Hausawa mazauna Barno. Yau da iyayenmu 'yan kasuwa nake, kuma a yi mini afuwa tun kafin in fara, domin maganar ba mai daɗi ba ce.

Idan yaro ya ce zai tafi Misira ko Indiya karatun likita, nan da nan za a haɗu a rumfa, wannan ya kawo buhun shinkafa biyar, wancan ya sayar da sa, a yi addu'a a raka shi tasha. Amma ya kuskura ya ce aikin jarida yake so ya je waje ya karanto, musamman irin na labaran duniya, sai a tuntsire da dariya, a ce yanzu tsegumi ma sai an je Ingila an koyo shi? Alhali masu dariyar nan su ne ba sa karya kumallo sai sun murɗa rediyo sun ji BBC, wadda take magana da Hausa tun 1957, in ta gama su koma Jamus. Wato dai ana so ana kaiwa kasuwa.

To bari in tuna mana abin da babu wanda ya manta. Ranar Asabar 28 ga Nuwamba 2020, ana cikin zaɓen ƙananan hukumomi, aka yi wa mutanenmu yankan rago a gonakin shinkafa na Koshebe. Washegari aka jera gawa 43 a garin nan aka yi musu salla, Gwamna Zulum yana wurin. A ranar Edward Kallon, babban jami'in agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya a Najeriya, ya ce aƙalla mutum 110 aka kashe, daga baya aka janye adadin aka ce gommai ne. Ɓangaren Shekau ya fitar da bidiyo ya ce 78. Malam Garba Shehu, kakakin shugaban ƙasa na lokacin, ya shaida wa BBC cewa manoman ba su samu izinin sojoji ba kafin su shiga gona. Kowa ya yi magana a kanmu, daga Abuja har Landan, mu kuwa masu makoki sai dai a ɗauki hotonmu muna kuka.

Ku duba wannan da kyau jama'a. Tsakanin 43 da 110 akwai mutum 67, kuma kowane ɗaya a cikinsu, in har akwai shi, yana da uwa. Wa ya fi ɗan garin nan iya warware wannan lissafi? Shi ya san gida-gida, ya san ɗan ci-rani da ya zo yankan shinkafa daga Sakkwato ya sauka a zauren wane, ya san wanda aka haifa a nan. Amma sani kaɗai ba ya kai labari teburin edita a Reuters ko AFP. Sai an koyi yadda ake rubuta sunaye ɗaya bayan ɗaya, a samu shaida biyu a kan kowanne, a raba abin da mutum ya gani da ido da abin da ya ji a majalisa, sannan a rubuta shi yadda babu kakakin da zai iya musawa. Abin da muke da shi a yau shi ne yaran da baƙi suke ɗauka tafinta da jagora, a sallame su da yamma, labari ya fito da sunan wani.

Mai cewa me za a koyo a can, ga misali daga maƙwabta. A 2018 wani bidiyo ya bazu na sojoji suna harbe mata biyu da yara biyu. Gwamnatin Kamaru ta ce ƙarya ce. Ma'aikatan BBC Africa Eye suka ɗauki siffar duwatsun da ke cikin bidiyon suka gwada da hotunan tauraron ɗan adam har suka gano wurin, kusa da Zelevet, daf da iyakarmu. Suka duba inuwar mutanen suka ƙiyasta lokacin, suka duba bindigogin da kakin. A 2020 kotun soja ta ɗaure sojoji huɗu shekara goma-goma. Wannan ilimi ne kamar kowane ilimi, yana da malamai da kayan aiki. Shi ake kira tsegumi?

Na san za a ce ai ga Jami'ar Maiduguri nan da sashen koyon aikin jarida. Gaskiya ne, kuma can ya kamata a fara, domin tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya ma sai mai digiri da gogewar aiki ta shekara biyu yake nema, kuma da sharaɗin ya dawo gida ya zauna shekara biyu. Jami'ar Cardiff tana da digiri na biyu a kan labaran duniya zalla. Amma waje ba Ingila ce kaɗai ba, balle tun da dala ta haura naira 1,500 a 2024. Yaƙin da ya hana mu sakat a fadama shi ne a Diffa, shi ne a arewacin Kamaru da Chadi, kuma duk da Faransanci hukumominsu suke aiki. Yaron da ya yi karatu a CESTI ta Dakar ko makarantar aikin jarida ta Yamai, ya dawo da Hausa da Barbarci da Turanci da Faransanci a baki ɗaya, wallahi samun irinsa a yankin Tafkin Chadi sai an tona.

Hujja ɗaya ce ta iyayenmu nake girmamawa, wato tsoro. A Oktoba 2011 aka harbe Zakariyya Isa na NTA a Maiduguri, Allah ya jiƙansa. Ahmad Salkida ya bar ƙasar a 2013 saboda barazana, ko da yake ya dawo ya kafa HumAngle a 2020. Ba zan ce aikin ba shi da haɗari ba. Sai dai waɗanda muka binne a 2020 lauje ne a hannunsu, ba alƙalami ba, kuma ba mu daina tura yara gona ba.

Kada kuma mu jingina da tashoshin waje kamar gadon ubanmu ne. A Maris 2025 Shugaba Trump ya sa hannu a takarda ɗaya, sashen Hausa na Muryar Amurka ya yi tsit, ba wanda ya nemi shawarar masu saurare a Jere.

Abin da nake roƙo ba mai yawa ba ne. Dillalan shinkafa da masu injin casa da masu rumfuna, kowa ya ware buhu ɗaya a kaka, a ajiye a hannun dattawa uku da aka yarda da su. A zaɓi yaro ɗaya ko yarinya ɗaya da ya gama digiri a nan gida, a biya masa kuɗin jarrabawar Turanci da fasfo da na mota, a sa shi ya yi alkawari gaban liman cewa zai dawo. Aikinsa na farko kuwa a shirye yake, ya bi gida-gida daga nan har Sakkwato ya rubuto mana cikakken sunayen mutanen Koshebe.