Uwargida, Ranar Marka Ranar Hutunki Ce

 Ga shi Agusta ta kama, watan da ruwa ya fi sauka a Kano, Katsina, Zariya har Maraɗi. Lokacin marka ke nan, a tashi da yayyafi tun asuba har la'asar rana ba ta leƙo ba.

Na san abin da ke damunki a irin wannan rana. Shanya ba ta bushe ba, itace ya jiƙe, tsakar gida ta caɓe, yara sun cika ɗaki da hayaniya. Sai ki wuni kina tsaki, kina ƙirƙiro wa kanki aiki don kada a ce kin zauna. To 'yar'uwa, wa zai ce? Ko manomi, da ya fi kowa son ruwan nan, rataye fartanya yake yi ya koma gida.

Yaushe rabonki da barcin rana? Likitoci sun ce babban mutum na bukatar barcin aƙalla awa 7 kowane dare, amma mai goyon da ke tashi tun kafin asuba ina ta ga wannan? Jiki magayi ne. Yawan ciwon kai da saurin fushin da kike sauke wa yara, sau da yawa gajiya ce ta taru.

Don haka ki yi wa marka shiri. Ki tanadi gawayi a busasshen wuri. Ranar ki yi girkin tukunya ɗaya, fate ko dafa-duka, ki dafa wa yara masara ko gyaɗa. Wanki ya jira rana ta fito. Idan sun ci sun ƙoshi, ki ja bargo ki miƙe ƙafa.

In kin farka, ki zauna da kofin kununki ki yi wa kanki hisabi. Bukukuwa da adashin da kika ɗora wa kanki, duk dole ne? Wace 'yar'uwa kika daɗe ba ki gaisar ba? Tsakaninki da maigida akwai maganar da hidima ta hana ku zama ku yi? Ki kuma tuna da maƙwabciyar da ɗakinta ke yoyo, ko kwanon fate ki aika mata.

Lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Allah Ya ba mu damina mai albarka. Sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu.