A duba fili kafin a haƙa harsashi

Tun da aka kafa asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund a 2011, sababbin gine-gine suke ta tashi a jami'o'i da kwalejojinmu. Wannan jarida tana maraba da haka, amma tana jan hankalin hukumomin makarantu cewa amfanin cibiyar karatu yana farawa ne daga filin da aka zaɓa mata.

A 2010 ambaliya ta katse hanyar shiga mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, har karatu ya tsaya. Don haka a fara sanin inda ruwa yake bi. A gwada ƙasa, a tsara magudanai, a bar itatuwan da aka tarar. Tagogi su fuskanci kudu da arewa domin rage zafin rana. Ginin ya kasance kusa da ɗakunan kwana, ta yadda ɗaliba za ta koma da daddare ta hanya mai fitilu, mai keken guragu kuma ya shiga da kansa.

Muna kira ga shugabannin makarantu su saurari masana tsara gari da ɗalibai kafin su ba da kwangila. Rigakafi ya fi magani.