Batirin jirgi mara matuƙi a cikin firji: wayo ne ko ganganci?

Jama'a, tun da zafi ya shigo nake ganin wata shawara tana yawo tsakanin masu ɗaukar hoton biki da jirgi mara matuƙi, da masu wasa da motoci masu rimot: wai ka saka batirinka na LiPo a firji ya daɗe bai mutu ba. Wani ma har da hoto, batiri a jikin robar zoɓo.

Bari in fara da gaskiyarsu, don suna da ita. Zafi yana cin batirin litiyam ko ba a aiki da shi. Alƙaluman da shafin Battery University ya fitar sun nuna cewa batirin da aka cika shi fal aka ajiye shekara guda a zafin digiri 25, kusan kashi 80 na ƙarfinsa ne zai rage. A digiri 40 kuwa, kashi 65. To wanda ya san Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, ya san digiri 40 a ɗaki mai rufin kwano ba labari ba ne. Kuɗin batiri ɗaya kuma ba na wasa ba.

Amma ku dubi ɗaya layin na alƙaluman nan, wanda masu firji ba sa kawowa. Idan cajin kashi 40 ne kawai a ciki, a digiri 25 kashi 96 zai rage bayan shekara. A digiri 0, kashi 98. Bambancin kashi 2 ke nan fa. Ashe babban abin da ke kashe batiri shi ne ajiye shi a cike, musamman cikin zafi. Ka dawo daga kamu ko walima, ka cika batiri huɗu don "ko da wani aiki zai taso", su yi sati uku a jaka. Nan ne asarar take, kuma maganinta kyauta ne. Kowane sel idan ya cika 4.2V yake nunawa, ma'ajiyarsa kuwa wajen 3.8V. Mai sel uku ke nan ya sauka daga 12.6V zuwa wajen 11.4V. Yawancin cajojin LiPo suna da wurin da aka rubuta Storage, danna kawai za ka yi. Batiran DJI ma da kansu suke sauke caji bayan 'yan kwanaki.

Yanzu maganar danshi. Ka ciro kwalbar lemo daga firji, minti biyu ta jiƙe sharkaf da gumi. Ruwan nan ba daga cikin kwalbar ya fito ba, iskar ɗaki ce ta taɓa abu mai sanyi ta sauke raɓarta. Haka zai faru da batiri, sai dai shi gumin ba a bayansa kaɗai zai tsaya ba. Zai shiga ƙarƙashin ledar da aka naɗe shi, ya kwanta a bakin wayoyi da ƙaramin filogin daidaita sel, inda ƙarafan suke dab da juna. Idan batirin mai ɗan allon lantarki ne a ciki, kamar na DJI, nan ma zai kai. Yau tsatsa, gobe caja tana karanta ƙarya, jibi jirgi ya mutu a sama a kan 'yan biki.

Wanda ya kawo shawarar nan daga Amurka ko Jamus, firjinsa ba ya mutuwa. Namu fa? A ɗauke wuta awa goma, ƙanƙara ta narke, ciki ya ɗume, a kawo wuta ya sake sanyi. Kullum batiri yana gumi yana bushewa. Da hunturu iska a bushe take, abin da sauƙi. Da damina, Allah ya kiyaye. Ga kuma yara da ke buɗe firji sau talatin a yini, ga abincin iyali kusa da abin da in ya huje yana iya kamawa da wuta.

Ni dai a ganina, ka sauke caji, ka nemi ɗakin da ya fi sanyi a gidan, a ƙasa kan siminti, cikin akwatin ƙarfe, nesa da labule da katifa. Ba but ɗin mota ba, ba gindin randa ba, don ita ma laima ce. Duk wata ka duba kada sel ya gangara kusa da 3.0V.

Wanda ya dage sai firji, to ya sa shi a leda mai zif, ya matse iska, ya jefa ƙullin silika irin wanda ake samu a kwalin takalmi, sannan ya rufe a roba. Ban da wajen ƙanƙara. In ya ciro, kada ya buɗe ledar sai bayan wasu awanni da ya dawo zafin ɗaki, kuma kada a yi masa caji yana da sanyi, don cajin litiyam ƙasa da digiri 0 yana lalata shi daga ciki.

Wanda kuma ya riga ya kumbura, firji ba zai saɓe masa ba. A fitar da shi daga ɗakin kwana yau.